Bashin Da Janar Murtala Ke Bin Marubutan Hausa

Duk shekara idan ranar 13 ga watan Fabrairu ta zagayo, sai marubutanmu su janyo tsofaffin maƙalu daga ƙasan akwati, su karkaɗe masu ƙura, su canza kwanan wata, su miƙa wa jaridu da gidajen rediyo. Kalmomin ba sa canzawa: gwarzo, namijin duniya, dodon ɓarayin gwamnati, wanda ya yi aikin shekara 20 cikin kwana 200. Daga nan sai addu'a, sai kuma wata shekarar. Janar Murtala Ramat Muhammed ya rasu tun 1976, hotonsa yana kan takardar Naira 20 tun 1977, sunansa yana kan babban filin jirgin saman Legas da babban asibitin birnin Kano da tituna marasa iyaka, amma ina ƙalubalantar kowane ɗan wannan ƙungiya tamu ya shiga kasuwar littattafai a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya ɗauko mini littafi guda na Hausa, cikakke, mai bincike, wanda ya bi rayuwar mutumin nan tun daga Kurawa har zuwa Ikoyi ba tare da ya tsallake wuraren da ke da ƙaya ba. Abin da zai samo ƙasidu ne na yabo da 'yan littattafan makaranta masu shafi kaɗan. Mu da muke kiran kanmu marubuta mun ƙwace sana'ar maroƙa, kuma ba mu iya ta kamar su ba, domin shi maroƙi aƙalla yana da murya da kalangu.

Kada wani ya yi saurin yanke mini hukunci. Ba na cikin masu ƙin Murtala, kuma ba na ganin laifin talakan da ya rataye hotonsa a shagonsa. Talaka yana da hujja. Rigimata da mai alƙalami ce, wanda ya san akwai sauran magana amma ya haɗiye ta, ko kuma, wanda ya fi muni, bai ma taɓa neman sanin ko akwai sauran maganar ba.

Mu fara da abin da kowa ya haddace. An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a Gidan Makama da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya wadda muka fi sani da Barewa. Ya shiga soja a 1958, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya zama ƙaramin hafsa a 1961, ya ƙware a sashen sadarwa na soja. Ya je Kwango cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1962 kuma ya zama dogarin Dokta Majekodunmi lokacin da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma. Har nan babu gardama, kowane ɗan littafin yabo yana kawo wannan. To amma daga nan sai ka ga alƙalamin marubucinmu ya yi tsalle irin na kwaɗo, daga 1962 sai 1975, in an yi adalci a ɗan tsaya a ce "ya taka muhimmiyar rawa a yaƙin basasa", a wuce. Shekara 13 ke nan ake haɗiyewa cikin jimla guda, kuma su ne shekarun da suka ƙera mutumin.

A cikin waɗannan shekaru ne aka yi daren 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, aka kashe manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammed da Laftanar-Kanar Abogo Largema da Laftanar-Kanar James Pam. Ƙananan sojojin Arewa suka wayi gari an sare masu kawunansu. Janar Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da waɗanda suka yi kisan ba, sannan a watan Mayu ya fito da Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta dunƙule ƙasa wuri guda. Wutar da ta ci a zukatan sojojin Arewa ita ce ta fashe ranar 29 ga Yuli, 1966, kuma Laftanar-Kanar Murtala, saurayi ɗan shekara 27, yana cikin manyan waɗanda suka jagorance ta. An kashe Ironsi da mai masaukinsa Fajuyi a Ibadan, an kashe hafsoshi da sojojin ƙabilar Ibo masu yawa a barikoki, da yawansu ba su san hawa ba, ba su san sauka ba game da abin da ya faru a Janairu.

Ga wurin da marubucin kirki zai ajiye alƙalami ya yi tagumi. A barikin Ikeja, cikin waɗannan kwanaki uku da Nijeriya ta yi babu shugaba, Murtala yana cikin masu tsananin ra'ayin a raba ƙasar, Arewa ta kama gabanta. Har jirgin saman kamfanin Ingila aka tare aka sa ya kwashi iyalan sojojin Arewa zuwa Kano. Sai da manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka suka yi ta lallashi kafin aka janye maganar, aka yarda Yakubu Gowon ya zama shugaba ranar 1 ga Agusta. Bayan shekara guda, mutumin nan da ya nemi a raba shi ne ke jagorantar dubban samari zuwa bakin wuta don kada a raba. Me ya faru a zuciyarsa tsakanin Yuli 1966 da Agusta 1967? Ya canza ra'ayi ne, ko dai lissafi ne ya canza? Wannan tambaya kaɗai ta isa a gina ƙagaggen labari mai shafi 300 a kanta, ko wasan kwaikwayo da za a yi ta nunawa a jami'o'i. Mu kuwa mun ga ta yi mana nauyi, mun zagaye ta kamar yadda ake zagaye kududdufi.

Sai yaƙin. An fara shi ranar 6 ga Yuli, 1967. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara ƙarƙashin Victor Banjo suka tsallaka Kogin Kwara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka nausa har Ore, hankalin Legas ya tashi. Cikin gaggawa aka ce wa Murtala ya haɗa Runduna ta Biyu. Da me? Da akawuna da kukuna da masinjojin bariki da sabbin shiga waɗanda ko riƙon bindiga ba su gama koyo ba, da motocin da aka tare a titi. Da wannan tarkace ya kori Biyafara daga Ore, ya ƙwace Binin a watan Satumba, kwana guda kacal bayan an yi shelar wata "jamhuriya" a can. Wannan bajinta ce ta gaske, kuma duk wanda ya hana shi ita ya yi zalunci. Hafsa mai sanyin jiki da ya tsaya jiran horo da kayan aiki, da ƙila labarin yaƙin ya zama wani daban.

Amma wannan zafin nama da ya ceci Legas shi ne ya kai samari ga halaka a bakin kogi. Da sojojin Biyafara suka ja da baya sun fasa gadar da ta haɗa Asaba da Anacha. Hedkwatar soja a Legas ta ba da shawarar kada a tsallaka kogin gaba da gaba, a bi ta Idah inda ƙasa ke hannun sojan tarayya, a gangaro ta tudu. Murtala ya ƙi. A watan Oktoba 1967 ya loda sojoji a jiragen fito ya tura su Anacha. Karon farko sun sauka, suka shiga kasuwa, tsari ya watse, aka yi masu ƙawanya aka murƙushe su. Ya sake turawa, aka sake. Ya sake na uku. Waɗanda harsashi bai samu ba ruwa ya ci su, domin da yawansu 'yan tudu ne da ba su iya iyo ba. Ɗaya daga cikin kwamandojinsa, Alani Akinrinade, wanda daga baya ya zama shugaban rundunar sojan ƙasa, ya saɓa da shi a kan wannan har ya bar rundunar. A ƙarshe dai hanyar Idah ɗin da aka faɗa tun farko aka bi, aka ci Anacha a watan Maris 1968. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 31 ga Maris, aka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, wuta ta kama tankar mai ta bi motoci kusan 100 da mutanen cikinsu da albarusai. Kafin tsakiyar 1968 Murtala ya bar fagen fama, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar, shi kuma ya koma sashen sadarwa. Watau a yaƙin da ya ɗauki wata 30, Murtala bai cika shekara guda a filin daga ba.

Ina tambayar 'yan'uwana marubuta: su wane ne suka nutse a Kogin Kwara? 'Ya'yan wa? Daga cikinsu akwai 'yan Katsina da Gumel da Bici da Zuru da Langtang da Gboko, yaran da suka bar garma suka bi motar ɗaukar soja. Akwai tsofaffin matan da suka mutu suna sauraren sallamar ɗan da ba a taɓa gaya masu inda ya kwanta ba. Idan muka ce ba za a yi maganar tsallaka kogin ba don kada a taɓa martabar Janar, to martabar waɗannan yara fa? Su ba namu ba ne? A gefe guda ga Muhammadu Shuwa, kwamandan Runduna ta Ɗaya, mutum mai taka-tsantsan da ba ya motsa soja sai ya tabbatar da abinci da harsashi, wanda rundunarsa ta ci Inugu ranar 4 ga Oktoba 1967. An kashe shi a Maiduguri a 2012 ba tare da wani daga cikinmu ya zauna da shi ya fitar da littafin Hausa daga bakinsa ba. Mun fi son jarumi mai ƙura, ko da ƙurar ta rufe gawarwaki.

Yanzu na zo inda na san wasu za su rufe mujallar nan. Asaba. Sojojin Runduna ta Biyu sun shiga garin a farkon Oktoba 1967. Ranar 7 ga wata mutanen garin suka fito cikin fararen tufafinsu na biki, suna waƙoƙin nuna goyon baya ga Nijeriya ɗaya, da fatan hakan zai kawo ƙarshen kashe-kashen da aka fara a unguwanni. A wani fili da ake kira Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata da yara, aka buɗe masu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, wasu masu bincike sun kai adadin na kwanakin nan sama da 1,000. Mutanen nan fararen hula ne, kuma Asaba ba ta cikin Biyafara, tana cikin Nijeriyar da aka ce ana yaƙi don a riƙe. Emma Okocha, wanda mahaifinsa na cikin waɗanda aka kashe, ya fitar da littafi a kai a 1994. A 2017 wasu malaman jami'a biyu daga Amurka, Elizabeth Bird da Fraser Ottanelli, suka fitar da nasu bayan sun yi hira da waɗanda suka tsira. Gowon da kansa ya je Asaba a 2002 ya nemi gafara. Masu bincike sun saɓa a kan bakin da umarnin ya fito, amma ba su saɓa a kan rundunar da ta yi aikin ba, kuma ba su saɓa a kan wanda ke shugabantarta ba. A ƙa'idar soja ta ko'ina, kwamanda yana ɗaukar yabon abin da yaransa suka yi, yana kuma ɗaukar nauyin ɓarnarsu. Ba zai yiwu mu ba shi Binin mu hana shi Asaba ba.

Na san amsar da ke bakin wasu tun kafin su buɗe shi. Za su ce ai su ma sun yi. Za su ce ina labarin 'yan Arewa da aka kashe a Gabas da Tsakiyar Yamma, ina labarin Sardauna da matarsa. Gaskiya ne, an yi, kuma ya kamata a rubuta. To wa ya hana mu? Wa ya riƙe mana hannu? Marubutan Kudu sun cika kantoci: Wole Soyinka ya rubuta littafin zamansa a kurkuku a 1972, Alexander Madiebo ya ba da labarin yaƙin ta ɓangaren Biyafara a 1980, a shekarar kuma Obasanjo ya fitar da nasa inda ya wanke kansa tas ya shafa wa abokan aikinsa toka, Ken Saro-Wiwa ya rubuta labarin ƙaramin soja a 1985, Chimamanda Adichie da ba a ma haife ta ba lokacin yaƙin ta girgiza duniya da nata a 2006, Chinua Achebe ya rufe da nasa a 2012. Kowane ɗaya ya fito sai mu yi ta gunaguni a zaure muna cewa an yi son kai. Wanda bai je kasuwa ba ai ba ya ƙorafin an saye masa kaya. A adabinmu na Hausa, in ka cire irin ƙoƙarin da Bature Gagare ya yi a Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982, inda ya taɓo abin da ya sami sojan da ya dawo daga yaƙi da bindiga a zuciyarsa, sai ka yi ta lalube. Kuma laifin wani ba ya wanke naka. Jinin da aka zubar a Kaduna a Janairu 1966 bai halatta na tsohon malamin makaranta a Asaba a Oktoba 1967 ba, kamar yadda bai halatta na 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan Ibo da aka bi aka kashe a garuruwanmu a Mayu da Satumba da Oktoba 1966 ba, wanda shi ma mun kulle shi a ɗaki mun jefa makullin a rijiya.

Wasu kuma za su fake da addini, su ce an hana tonon asirin mamaci. Wannan magana tana da muhalli, muhallinta kuwa shi ne aibin mutum na tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma aikin da shugaba ya yi da rayukan jama'a da dukiyarsu haƙƙin jama'a ne, saninsa kuma darasi ne ga wanda zai hau kujerar gobe. In ba haka ba, da malaman hadisi ba su kafa fanni sukutum na tantance maruwaita ba, inda suke cewa wane mai mantuwa ne, wane kuma ba a karɓar maganarsa, alhali duk sun riga mu gidan gaskiya. Mu dawo gida ma. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu kuma babban kwamandan jihadi, da ya ga abokan gwagwarmaya sun fara karkata ga dawaki da ƙwaraƙwarai da sarauta, bai ce a rufa asiri don kada maƙiya su ji ba. Barin rundunar ya yi ya nufi gabas har ya yada zango a Kano, kuma ya rubuta abin da ya gani a Tazyinul Waraƙati, muna karantawa har yau. Wanda ya rubuta Tarihin Kano ma bai ɓoye sarkin da ya yi zalunci ko wanda ya gudu daga yaƙi ba. Ashe kakanninmu sun fi mu ƙarfin zuciya a gaban takarda. Abin mamaki kuma, mu ne muke tafa wa Sembene Usman na Senegal saboda fim ɗin da ya yi a 1988 a kan sojojin Afirka da Faransa ta harbe a sansanin Thiaroye a 1944, a zamanin gwamnatin Janar De Gaulle, wanda shi ma gwarzon yaƙi ne da ya zama shugaban ƙasa, kuma Faransawa suna ji da shi kamar yadda muke ji da Murtala. Tonon asirin jarumin wasu ya zama kishin Afirka, na namu kuma ya zama cin amana.

To, kwana 200 ɗin fa? A nan ma yabon ya hana mu tunani. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana Kampala wajen taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, Kanar Joe Garba ya yi shelar an tuɓe shi. Ƙasa ta gaji: Gowon ya janye alƙawarin miƙa mulki a 1976, gwamnoni sun zama sarakuna, jiragen ruwa sama da 400 maƙare da siminti sun toshe tashar Legas ana biyan su kuɗin jira. Murtala ya zo kamar guguwa. Ya soke ƙidayar 1973 mai rigima, ya sauke gwamnoni ya sa a bincike su, ya sa ranar 1 ga Oktoba 1979 ta zama ranar komawa mulkin farar hula, ya kafa kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya mayar da jihohi 12 zuwa 19, ya kuma amince da rahoton kwamitin Mai Shari'a Aguda na ɗauke babban birni daga Legas zuwa Abuja. A waje kuwa, ya goyi bayan ƙungiyar MPLA a Angola lokacin da sojojin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu suka kutsa ƙasar, ya yi fatali da wasiƙar Shugaba Ford na Amurka, ya tsaya a Adis Ababa ranar 11 ga Janairu 1976 ya gaya wa duniya cewa Afirka ta daina karɓar umarni. Wanda duk ya rayu a lokacin zai gaya maka yadda ma'aikata suka riƙa isa ofis kafin ƙarfe takwas. Ban rage masa ko ɗaya daga wannan ba.

Sai dai guguwa ba ta tantance rumbun ɓarawo da na mai gumi. An kori ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 "nan take", da yawa a rediyo suka ji sunansu, babu tuhuma a rubuce, babu damar kare kai, wasu babu fansho. A cikinsu akwai ɓarayi da malalata, babu shakka. A cikinsu kuma akwai waɗanda ƙaramin ma'aikaci mai jin haushi ya rubuta wa takardar ƙarya, da waɗanda wani ke kwaɗayin kujerarsu. Har Alƙalin Alƙalan ƙasa, Taslim Elias, aka sauke, mutumin da daga baya ya zama shugaban Kotun Duniya a Hague. Wane darasi ma'aikacin da ya tsira ya koya? Ya koyi cewa shekara 25 ta aiki da gaskiya tana iya ƙarewa da sanarwar ƙarfe bakwai, saboda haka mai hankali ya tanadi abin da zai ci tun yana kan kujera. Tsofaffin manyan sakatarori da dama sun daɗe suna cewa daga wannan shara ce aikin gwamnati ya karye bai sake miƙewa ba. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, magana ce da ta cancanci babi guda a littafi, ba a share ta da "ai ɓarayi ya kora" ba. Halin da ya tura jiragen fito sau uku cikin wuta shi ne halin da ya sa hannu a takardun korar nan: yanke hukunci cikin ƙiftawar ido, da ƙin sauraren mai cewa a dakata. Joe Garba ya ba da labarin yadda, a ranar da kanar-kanar ɗin da suka yi juyin mulkin suka miƙa masa shugabanci bisa sharaɗin majalisar soja za ta iya taka masa birki, ya fusata ya ce shi ba za a ɗaure masa hannu ba, sai da aka sha fama kafin ya amince.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu cin abinci da alƙalami. A 1975 ne gwamnatin Murtala ta karɓe kashi 60 cikin 100 na jaridar Daily Times, ta kuma ƙwace kamfanin New Nigerian ɗungurungum, wanda a ƙarƙashinsa Gaskiya Ta Fi Kwabo take. Manyan muryoyi biyu na ƙasa, ɗaya ta Kudu ɗaya ta Arewa, suka koma aljihun gwamnatin tarayya, kuma kowa ya ga yadda suka yi ta ramewa har suka zama abin tausayi. A zamaninsa ne kuma aka gurfanar da wani malamin Jami'ar Legas, Obarogie Ohonbamu, saboda ya yi rubutu a mujallarsa yana tambaya a kan dukiyar shugaban ƙasa. Marubucin da ke rera yabon Murtala ba tare da ya san wannan ba kamar kaza ce da ke yi wa wuƙa kirari.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis daga gidansa a Ikoyi, cikin baƙar Marsandi, babu jiniya babu rakiyar sojoji, cunkoson motoci ya tsayar da shi, yaran Laftanar-Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe masa wuta. Ya rasu yana da shekara 37, tare da dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa da direbansa. Motar tana gidan tarihi na Onikan a Legas da hujojin harsashi a jikinta. Mutuwar ce ta rufe littafin kafin a buɗe shi: bai daɗe ba balle jama'a su gaji da shi kamar yadda suka gaji da Gowon, bai kai 1979 ba balle a ga ko zai cika alƙawari, Obasanjo ne ya cika. Abin da ya biyo baya ma ba mu rubuta ba, watau harbe mutane da dama da aka yi a watannin Maris da Mayu, cikinsu har da Manjo-Janar Bisalla da tsohon gwamna Joseph Gomwalk, da irin tabon da hakan ya bari tsakanin mutanen Filato da sauran Arewa, tabon da ba a rasa shi a ƙarƙashin rigingimun da suka zo daga baya.

Ga matasanmu masu tasowa, waɗanda ke turo wa wannan mujalla labarai suna kukan wai batutuwa sun ƙare sai soyayya da kishiya: ga batu nan a ƙofar gidanku. Ba sai kun rubuta Janar ɗin kansa ba in kuna tsoro. Ku rubuta kukun barikin da aka miƙa wa bindiga a Ikeja ya tsinci kansa a jirgin fito. Ku rubuta kofur ɗin da ya tsaya a filin Ogbe-Osowa, ya dawo Kano ya buɗe shagon faci, ya yi shekara 40 ba ya barci. Ku rubuta akawun da ya ji sunansa a rediyo yana cikin cin tuwo da 'ya'yansa. Amma ku yi bincike tukuna, don ƙagaggen labari ma yana da haƙƙin gaskiya a wuyansa. Tsofaffin jaridun lokacin suna Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna, littattafan da na ambata kuma ana samun su. Abin da ba zai jira ku ba shi ne bakin waɗanda suka gani da idonsu. Yaron da ya shiga soja yana ɗan shekara 20 a 1967 an haife shi ne a 1947, ku yi lissafi da kanku. Suna nan a layin karɓar fansho da ofisoshin 'yan mazan jiya da gindin bishiyoyin unguwannin bayan bariki, kuma kowace damina sai an rage.

Ƙungiyarmu kuwa, wadda ba ta rasa kuɗin walimar ƙaddamar da littafi da lambobin yabo ga masu riƙe da muƙamai, ina ba ta shawara a taronta na gaba ta ware abin da zai sayi na'urar ɗaukar magana guda biyar da kuɗin motar matasa biyar, a raba su Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Maiduguri, kowa ya dawo da hirar tsoffin sojojin Runduna ta Biyu goma. A aika mutum na shida Asaba.